Tambaya Ɗaya, Kwana Ɗaya: Fashin Baƙi Kan Aikin Manhaja Tsakanin Ƙasashe Masu Nisan Agogo

Tsakanin San Faransisko ta Amurka da Bangalor ta Indiya akwai tazarar awa 12 da rabi a watannin bazara, awa 13 da rabi a hunturu. Biranen nan biyu suna cikin manyan cibiyoyin rubuta manhaja a duniya, kuma kamfanoni da dama sun raba injiniyoyinsu a tsakaninsu. Idan mutumin San Faransisko ya zauna kan kujerarsa ƙarfe 9 na safe, a Bangalor 9 da rabi ce ta dare, abokan aikinsa na shirin kwanciya. Idan ya tashi ƙarfe 5 na yamma, can asubahin gobe ne. Ko minti ɗaya na lokacin aiki bai haɗa su ba, alhali manhaja ɗaya suke ginawa.

A ce ranar Litinin wata injiniya a Bangalor ta gyara wata 'yar tangarɗa a manhajar biyan kuɗi. A al'adar wannan sana'a ba a shigar da gyara cikin uwar manhaja sai wani ya duba ya sa hannu, kuma mai dubawar yana San Faransisko. Ta tura da yamma ta tafi gida. Ya farka ya gani, ya rubuta tambaya guda: me ya sa kika taɓa wancan ɓangaren? Tana barci. Da safiyar Talata ta amsa cikin minti biyar, yanzu kuma shi ke barci. Ya tashi ya gamsu, amma ya nemi ta sauya sunan wani abu. Ta sauya ranar Laraba. Ya amince, ta ga amincewar da safiyar Alhamis. Idan aka haɗa lokacin da su biyun suka sa hannu a aikin, da ƙyar ya kai awa biyu, amma an tashi daga Litinin an dira Alhamis. Babu wanda ya yi lalaci a cikinsu. Kowace tambaya dai kuɗinta kwana guda ne, kuma nan ne gizo ke saƙar.

An auna wannan asara. A 2003 James Herbsleb da Audris Mockus suka wallafa binciken da suka yi kan ayyukan manhaja na kamfanin sadarwa na Lucent, wanda injiniyoyinsa ke warwatse a ƙasashe daban-daban. Sun gano cewa aikin da aka raba tsakanin wurare yakan ɗauki kusan ninki biyu da rabi na lokacin da irinsa ke ɗauka idan a wuri ɗaya aka yi shi. Dalilin da suka bayar ya fi adadin jan hankalina: aikin da ya tsallaka wurare yakan bi ta hannun mutane da yawa, kuma kowane ƙarin hannu ƙarin jira ne. Tun kafin su, a shekarun 1970, Thomas Allen na jami'ar MIT ya nuna cewa ko a cikin gini ɗaya, da zarar teburan injiniyoyi sun ɗan yi nisa da juna, hirar aiki a tsakaninsu takan ragu ƙwarai. To ina ga an sa teku da dare a tsakani?

Shi kansa agogon ba ya zama wuri ɗaya. Duk wanda ya tashi da sauraron sassan Hausa na gidajen rediyon ƙetare ya saba da jin "agogon GMT" da "agogon Najeriya da Nijar". Tushen wannan ma'auni taron da ƙasashe 25 suka yi ne a Washinton a 1884, inda aka ɗauki layin da ya ratsa Greenwich, a gefen Landan, a matsayin mafarin awon duniya. Kwamfutoci a yau suna bin magajinsa, UTC, wanda a harkar yau da kullum daidai yake da GMT. Ghana tana kansa daidai, Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suna gaba da awa 1, Sudan awa 2, Indiya awa 5 da rabi, Nepal awa 5 da minti 45, Sin kuwa duk faɗinta agogo ɗaya take bi. Da kowace ƙasa za ta ɗauki nata ta tsaya a kai, da lissafin ɗan firamare ne.

Inda abin ya dagule shi ne ƙasashen da ke tura agogonsu gaba da awa ɗaya idan bazara ta shigo, su dawo da shi idan hunturu ya gabato. Amurka tana turawa ranar Lahadi ta biyu a Maris, ta dawo Lahadin farko na Nuwamba. Birtaniya da Tarayyar Turai suna turawa Lahadin ƙarshe na Maris, su dawo Lahadin ƙarshe na Oktoba. Saboda haka akwai mako biyu zuwa uku a Maris, da mako ɗaya a ƙarshen Oktoba, da tazarar Amurka da Turai ke raguwa da awa ɗaya, tarurruka su yi ta cin karo da juna. A cikin Amurkar ma, Hawai da mafi yawan jihar Arizona ba sa taɓa agogonsu. Sidni ta Ostireliya, da yake nata zafin a Disamba yake, a Oktoba take turawa gaba. Maroko ta kwashe shekaru tana mayar da nata baya da awa ɗaya a watan azumi. A Maris na 2023 gwamnatin Labanon ta ɗage sauyin agogo ana saura kwanaki kaɗan, wasu cibiyoyi suka bi, wasu suka ƙi, ƙasar ta yi 'yan kwanaki da agogo biyu har aka janye matakin.

Akwai kundin da ke tattara duk wannan ruɗani, wanda wayar hannunka ke dogaro da shi ba tare da ka sani ba. Arthur David Olson ya fara shi a shekarun 1980, Paul Eggert ya daɗe yana kula da shi, kuma tun 2011 yana ƙarƙashin IANA, hukumar da ke kula da sunaye da lambobin intanet. A cikinsa sunan agogon Najeriya Africa/Lagos. Darasin da injiniyoyi suka ɗauka daga nan ga mutane ma yana aiki: kada ka rubuta "ƙarfe 3 gobe" ka yi shiru. Goben wa, ƙarfe 3 na wane gari? Haka kwanan wata: 03/04 a wurin Ba'amurke 4 ga Maris ne, a wurin Bature ɗan Ingila 3 ga Afrilu. Ga kuma ranakun hutu. Saudiyya tun 2013 Juma'a da Asabar take hutawa, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta koma Asabar da Lahadi a farkon 2022. Tambayar da aka aika daga Kalifoniya zuwa Riyad ranar Alhamis, amsarta sai Lahadi, karanta amsar kuma sai Litinin.

A shekarun 1990 manyan kamfanoni sun yi mafarkin juya wannan tazara ta zama riba. Tunanin shi ne aiki ya riƙa bin rana: 'yan Asiya su yi awa takwas su miƙa wa 'yan Turai, su kuma su miƙa wa 'yan Amurka, kafin gari ya waye an yi aikin kwana uku a kwana ɗaya. A wasu ayyukan dabarar ta zauna daram. Amsa koke-koken masu amfani da manhaja da gadin uwar garke, wato manyan kwamfutocin da manhajar ke gudana a kansu, suna tafiya a haka, kuma Google yana cikin kamfanonin da ke raba masu jiran ko-ta-kwana tsakanin wurare biyu masu nisa don kada a riƙa tada mutum ƙarfe 3 na dare. Wajen gina sabon abu kuwa mafarkin bai cika yadda aka zata ba. Rabin aikin mai rubuta manhaja a kansa yake: abin da ya gwada ya watsar, abin da yake zargi, inda ya nufa. Kod ɗin, wato rubutun manhajar, da ya bari a allo ba ya ɗauke da waɗannan, don haka mai karɓa yakan ɓata safiyarsa yana laluben abin da wancan ya riga ya sani, wanda zai tambaya kuma ya yi barci.

Waɗanda suka fi kowa iya wannan aiki, a ganina, su ne masu rubuta manhajojin da kowa ke iya duba cikinsu ya ba da gudummawa, domin su tun asali ba su taɓa samun ofis ɗaya ba. Linus Torvalds ya fara Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a Helsinki a 1991. Yau dubban mutane a nahiyoyi daban-daban ke aiki a kanta, sabuwar fitowa na zuwa kusan duk mako 9 zuwa 10, ba tare da taron kowace safiya ba. Ƙa'idarsu ita ce duk gyaran da ka aiko ya zo da bayanin matsalar da dalilin da ya sa ka bi wannan hanya, yadda wanda bai san ka ba zai karanta ya yanke hukunci. A 2005 Torvalds ya ƙirƙiri Git, wadda ke bai wa kowane mai aiki cikakken kwafin manhajar da tarihinta a kwamfutarsa, ya ci gaba da nasa ba tare da jiran kowa ba. Gidauniyar Apache, mai kula da irin waɗannan manhajoji, kuma tana da wata ƙa'ida da nake ganin ta fi kowacce nuna fahimtar matsalar: idan za a kaɗa ƙuri'a kan muhimmin abu, akan bar ta a buɗe aƙalla awa 72, don duk inda mutum yake a duniya rana ta fito masa ya gani ya tofa albarkacin bakinsa.

Wasu kamfanoni sun ɗauki wannan tarbiyya. GitLab, wanda ya shiga kasuwar hannun jari ta Nasdaq a Oktoban 2021 ba shi da ofishin da ma'aikata ke zuwa, ya tattara yadda yake gudanar da komai a wani kundi mai dubban shafuka da ke buɗe ga kowa a intanet. Tsarinsu shi ne a fara rubuta abu a kundin kafin a sanar da shi, saboda wanda zai yi irin tambayar gobe ya sami amsa ba tare da ya tada kowa ba. Automattic, kamfanin da ke bayan WordPress.com, ya rufe ofishinsa na San Faransisko a 2017 saboda ma'aikata ba sa zuwa, yawancin shawarwarinsu a rubuce suke yi.

Rubutun ma sai an iya shi. A da, wanda zai aika wa ɗan'uwansa wasiƙa daga Kano zuwa Kumasi ta hannun direba ba ya rubuta gaisuwa kaɗai ya jira amsa kafin ya faɗi buƙatarsa. Yakan zuba komai a takarda ɗaya, har da abin da za a yi idan ba a sami kaza ba. Saƙo tsakanin wurare masu nisan agogo haka ya kamata ya kasance. A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Mu mutane ne masu girmama gaisuwa, muna jin nauyin faɗa wa mutum da buƙata ba a tambayi gida da aiki ba. Wannan hali ne mai kyau, amma wanda ya tura "Barka da aiki, ina da tambaya" ya tsaya jiran a ce masa bismilla, ya yi asarar yini guda. A yi gaisuwar, a bi ta da maganar a saƙo ɗaya: ga abin da nake son cimmawa, ga abin da na gwada, ga hoton kuskuren da allo ya nuna, ga hanyoyi biyu da nake gani, kuma idan ban ji daga gare ka ba zuwa safiyata zan bi ta farko. Wannan jimlar ta ƙarshe ita ce mai tsada, domin ta mayar da shirun ɗaya ɓangaren amsa. Shi ma mai duba aiki yana da nasa haƙƙin. Ya kawo duk gyare-gyarensa a zama ɗaya, ya bambanta wanda dole ne da wanda son rai ne, in ƙaramin abu ne ya ce na amince, ki gyara wannan ki shigar. Da mai dubawar San Faransisko ya yi haka, da an gama tun Talata.

Sai dai rubutu, komai kyansa, rage tsawon jira kawai yake yi. Abin da ke rage yawan jiran shi ne yadda aka yanka aikin. A 1968 Melvin Conway ya lura cewa fasalin manhaja yakan kwaikwayi yadda waɗanda suka gina ta ke sadarwa a tsakaninsu. Idan haka ne, mai hankali sai ya yanka manhajar daidai inda agogo ya yanka mutanen: ɓangaren biyan kuɗi gaba ɗayansa na 'yan Bangalor, ɓangaren rajista na 'yan Kalifoniya, a rubuta yarjejeniya bayyananniya kan yadda ɓangarorin biyu za su riƙa magana da juna, kowa ya yi ta kansa a cikin nasa. Mafi munin tsari shi ne wanda masu tunani ke gari ɗaya, masu rubutawa a wani, masu gwaji a na uku. A nan kowane ƙaramin aiki sai ya zagaya duniya kafin ya kammala.

Ƙarƙashin wannan kuma akwai maganar da shugabanni ba su cika son a taɓo ba, wato iko. Sau da yawa injiniyan da ke nesa ya san amsar tambayarsa sarai, izini ne ba shi da shi. Hedikwata ta riƙe kowane hukunci, shi kuma yana zaman jiran gawon shanu har rana ta fito a can. Jeff Bezos na Amazon ya taɓa raba hukunce-hukunce gida biyu: waɗanda idan an yanke ba a komowa, da waɗanda za a iya warwarewa idan ba su yi ba, ya ce na biyun bai kamata a ja su da dogon tsari ba. Galibin abin da ake yankewa kullum a aikin manhaja na biyun ne. Kamfanin da ya ɗauki mutum a nesa amma bai yarda ya bar shi ya yanke irin waɗannan ba, babu manhajar tura saƙo ko ta taron bidiyo da za ta cece shi.

Wannan ba ya nufin a daina haɗuwa. Mutum 17 da suka taru a Snowbird ta jihar Yuta a 2001 suka fitar da tsarin aikin da ake kira Agile sun ɗauki magana baki da baki a matsayin hanyar da ta fi kowacce isar da bayani, kuma suna da gaskiya a wurare da yawa. Saɓani tsakanin mutum biyu ba ya warwaruwa a rubuce, sai ma ya ƙara zafi, musamman da yake yawancin masu aikin ba da Ingilishi aka haife su ba, gajeren saƙo kuma yakan zo wa mai karatu kamar tsawa. Sabon ma'aikaci yana buƙatar wanda zai riƙe hannunsa kai tsaye. Fasalta sabon abu yana buƙatar muhawara. Saboda haka awa ɗaya ko biyun da agogo ya haɗa mutane dukiya ce, bai kamata a ƙone ta a taron minti 15 na kowace rana inda kowa ke karanto abin da ya yi jiya ba, abin da layi uku a rubuce ya wadatar. Kuma a irin wannan haɗuwa, ƙaramin ma'aikacin da kunya ta sa ya ce "to" alhali bai gane ba, ya sani cewa damar sake tambaya sai gobe. Faɗin "ban gane ba, a maimaita" a nan ladabi ne ga aikin.

Saura tambayar da ta fi damuna: idan dole sai wani ya hana idonsa barci, wa zai hana? A mafi yawan kamfanoni amsar a bayyane take, agogon hedikwata ne agogo, saura su lanƙwasa rayuwarsu. Injiniyoyin Indiya da Filifin sun daɗe suna shiga taro da tsakar dare. Matasanmu ma sun shigo wannan layi, musamman tun da aka kafa Andela a Legas a 2014 tana haɗa masu rubuta manhaja na Afirka da kamfanonin waje, ta kuma rufe ofisoshinta ta koma aiki daga gida a 2020. Da Turai muna da sa'a babba: agogonmu ɗaya da Landan a bazararsu, ɗaya da Balin da Faris a hunturunsu. Da Kalifoniya kuwa tazarar awa 8 ce ko 9. Taron awa ɗaya da aka sa ƙarfe 10 na safe a can yakan faɗo ƙarfe 6 na yamma a Kano a watannin bazararsu, ya ci magariba, in azumi ya zo a lokacin ya ci buɗe baki. Sau da yawa mai shirya taron bai ma san da haka ba. Gara mutum ya faɗa tun ranar farko, ya toshe lokutan salla da na Juma'a a kalandarsa kowa ya gani, da ya yi shiru yana cin rai.

Wannan ya wuce maganar jin daɗi. Hukumar binciken cutar daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya aikin dare a jerin abubuwan da mai yiwuwa ne suna haddasa cutar, a 2007, ta kuma sake tabbatar da matsayin a 2019. Ga iyali, ga yara da ke kwanciya ba su ga mahaifinsu ko mahaifiyarsu ba. Akwai kuma asarar da ba a gani: wanda ba ya wurin lokacin da ake yanke shawara, a hankali ana mantawa da shi lokacin rabon manyan ayyuka da ƙarin girma. Ƙungiyar da ke da adalci takan riƙa juya lokacin taro, wannan makon waɗannan su yi sammako, mako mai zuwa waɗancan su yi dare. Takan naɗi taron, ta rubuta abin da aka cimma, kuma ba ta ɗaukar hukunci a matsayin yankakke sai waɗanda ke barci sun farka sun gani.

Wasu ƙasashe sun sa doka a lamarin. Faransa tun 1 ga Janairun 2017 ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su tattauna haƙƙin ma'aikaci na kashe waya bayan tashi daga aiki, Fotugal kuma a 2021 ta hana masu ɗaukar aiki tuntuɓar ma'aikata a lokacin hutunsu sai da larura. Waɗannan dokoki ba su kai ga ɗan kwangilar da ke aiki daga Kaduna ko Maraɗi ba. Shi garkuwarsa ita ce takardar da ya sa wa hannu. Kafin ya sa, ya tabbatar an rubuta awa nawa ake so ya kasance a kan layi tare da su, daga ƙarfe nawa zuwa nawa, kuma da agogon wane gari, domin in da na Kalifoniya aka rubuta, a farkon Nuwamba lokacin tashinsa daga aiki zai matsa cikin dare da awa guda ba tare da an sake tambayarsa ba. Ya tambaya ko yana cikin masu jiran ko-ta-kwana, sau nawa a wata, da nawa ake biya idan aka tashe shi, da kuma ranakun hutun wace ƙasa zai bi idan Sallah ta faɗo ranar aiki a can.